Amsoshin Wasiƙunku: Tarihin Wasannin 'Yan Sandan Ciki na Waya da Kwamfuta

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga garin Ƙofa, cikin Ƙaramar Hukumar Kusada ta Jihar Katsina, daga wani malamin makarantar firamare wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce yana so a ba shi tarihin wasannin nan na gem da samari ke bugawa a waya da kwamfuta, waɗanda mutum kan zama ɗan sandan ciki, ya bi diddigin laifi, ya titsiye mutane da tambayoyi har ya gano mai laifin. Wa ya ƙago su, kuma yaushe? Ya ƙara da cewa yana da ƙane wanda ya koyo su wajen abokansa a Kankiya, yanzu har cika baki yake yi wai da ya kalli ƙwayar idon mutum zai san ko ƙarya yake yi. Shin hakan na yiwuwa? Kuma wasannin ba sa koya wa yara sata?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma muna fatan mutanen Ƙofa da kewaye suna lafiya. Tambayarka kashi uku ce, watau asalin wasannin, da maganar karanta fuska, da kuma tsoron da kake yi wa yara. Za mu bi su daki-daki, amma sai ka yi haƙuri mu ɗan koma baya, domin shi binciken laifi da hankali ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Kai malami ne, ka san ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, lokacin da aka yi masa ƙazafi a gidan Azizu na Masar. Babu wanda ya ga abin da ya faru, magana ce ta mutum biyu, kowa na tuhumar ɗan'uwansa. Sai wani mai shaida daga dangin matar ya ba da shawara a duba rigar, in ta gaba ta yage hukunci daban, in ta baya ce hukunci daban. Da aka duba aka tarar ta baya ta yage, gaskiya ta yi halinta. Irin wannan alama da kan nuna gaskiya ba tare da an ga abu da ido ba ita malaman fiƙihu ke kira ƙarina.

Haka kuma littattafan shari'a sun kawo labarin Alƙali Iyasu ɗan Mu'awiya, wanda ya yi alƙalancin Basra a zamanin Halifa Umaru ɗan Abdul'aziz. An ce wani mutum ya kawo ƙara cewa ya ba abokinsa ajiyar kuɗi a gindin wata bishiya a bayan gari, abokin ya ce sam, shi bai ma san wurin ba. Babu shaida ko ɗaya. Sai Iyasu ya ce wa mai ƙara ya tafi gindin bishiyar ko Allah zai sa ya tuna wani abu, ya zaunar da wanda ake ƙara a gefe, ya ci gaba da sauraron wasu shari'o'in kamar ya manta da shi. Can an jima sai ya waiwayo ya tambaye shi, kamar a bakin hira, ko yana jin abokinsa ya isa wurin yanzu. Gogan naka ya ce a'a, da sauran tafiya. Shi ke nan, mutumin da ya ce bai san wuri ba ga shi ya san nisansa. Ka lura Malam, babu bulala a wannan shari'a, babu zare ido. Maganarsa ta farko aka gwada da ta biyu, suka ƙi haɗuwa. Ka riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

A nan ƙasar Katsina ma ba baƙon abu ba ne. In an fasa rumbu ko an kwance akuya da dare, da asuba sai ka ga dattawa sun hana yara tattake wurin, a nemo wanda ya iya bin sawu, ya duba girman ƙafa da inda ta nufa, da ko mai ita yana ɗauke da kaya mai nauyi. Daga nan a sanar da mai unguwa, shi ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. A aika cigiya kasuwannin dabbobi irin su Caranci, a gaya wa dillalai da sarkin fawa launin dabbar da tsagar kunnenta. Wanda aka samu da ita sai ya kawo dillalin da ya sayar masa. Dogaran sarki ne ke kamo mai laifi a da. Zamanin En'e aka kafa 'yan doka, har ma Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo shi ya shugabanci 'yan dokar Katsina daga 1929, tun yana ɗan sarki, kafin ya hau gadon mahaifinsa Muhammadu Dikko a 1944. A ƙarshen shekarun 1960 ne aka narkar da 'yan dokar En'e cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya.

To, su kuma Turawa sai suka mayar da wannan aiki abin nishaɗi. A shekarar 1841 wani marubuci Ba'amurke, Edgar Allan Poe, ya buga labarin wani kisa da aka yi a cikin ɗaki a kulle a birnin Faris, inda wani mai kaifin basira ya warware abin da ya gagari 'yan sanda. Ana ɗaukar wannan a matsayin mafarin labaran 'yan sandan ciki na zamani. A 1887 kuma wani likita, Arthur Conan Doyle, ya fito da Sherlock Holmes, wanda ya siffanta shi da halin wani malaminsa na makarantar likitanci a Edinbara, Joseph Bell, mutumin da kan dubi hannun majinyaci da takalminsa ya faɗi sana'arsa. Mutane suka yi ta karantawa suna gasa da marubuci, kowa na so ya gano mai laifi kafin shafin ƙarshe.

Daga littafi sai abin ya koma kan faifai. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani mutumin Bamingam ta Ingila, Anthony Pratt, ya ƙago wasan da aka fitar kasuwa a 1949 da sunan Cluedo. Ana ɓoye kati uku a cikin ambulan: wanda ya yi kisa, da makamin, da ɗakin da aka yi. Mutum 6 ake tuhuma, makamai 6, ɗakuna 9, watau hanyoyi 324 ke nan, ɗaya ce kawai daidai. 'Yan wasa kan yi ta tambayar juna suna soke abin da ba zai yiwu ba, har a rage saura guda. Wanda ya yi garajen faɗin suna ya kuskure, ya fita daga wasa.

Da ƙananan kwamfutoci suka shiga gidaje a Amurka, sai wata mata, Roberta Williams, da mijinta Ken suka fitar da Mystery House a 1980, wanda yana cikin wasannin labari na farko masu zane. Zanen kuwa layuka ne kawai kamar na ɗan aji ɗaya a kan allo. A 1982 kamfanin Infocom ya fitar da Deadline, kuma a nan ne tambayoyi suka fara shigowa sosai. Babu hoto ko ɗaya a kan kwamfutar, rubutu ne zalla. An tarar da gawar wani attajiri a ɗakin karatunsa, kowa ya ce kansa ya kashe, an ba ka awa 12 na cikin wasa ka tabbatar ko ka ƙaryata. Kai za ka rubuta tambaya, mutanen gidan su ba ka amsa, wasu su yi maka ƙarya. A cikin kwalin wasan har da takardun bayanan da 'yan sanda suka ɗauka, da rahoton ɗakin gwaje-gwaje, da hoton wurin. In ka kama mutum ba tare da cikakkiyar hujja ba, kotu ta sake shi.

A can Jafan kuwa, a 1983 wani saurayi, Yuji Horii, ya yi wasan da ake kira Portopia, wanda ya girgiza yaran ƙasar, domin a ƙarshe sai ka tarar mai laifin shi ne mataimakinka, wanda tun farko yake biye da kai yana cewa ranka ya daɗe. A 1985 aka yi wa 'yan makaranta na Amurka Carmen Sandiego, inda yaro ke bin ɓarawo ƙasa-ƙasa yana koyon tutoci da kuɗaɗen ƙasashe da manyan biranensu. Ko a wannan na yara ma, sai ka tattara siffofin ɓarawo ka karɓi takardar sammaci da sunansa, in ba haka ba ko ka riske shi ba ka da ikon kama shi.

Wanda ya fi kama da shari'ar Alƙali Iyasu shi ne Ace Attorney, na kamfanin Capcom, wanda Shu Takumi ya tsara, ya fito a Jafan a 2001, shekarar da wayar salula ta bazu a Nijeriya, sannan ya isa sauran duniya a 2005. A nan kai lauya ne mai kare wanda aka yi wa ƙage. Shaida zai tsaya ya ba da labari jimla-jimla, kai kuma abu biyu kawai aka ba ka: ko ka nemi ya ƙara bayani, ko ka ɗago wata hujja da ta ci karo da abin da ya faɗa. Alal misali ya ce ya ga abin da ƙarfe ɗaya, alhali takardar likita ta ce mamacin ya rasu da ƙarfe huɗu. In ka ɗago hujjar da ba ta dace ba alƙali ya rage maka maki, in ka yawaita a ɗaure wanda kake karewa.

Sai kuma L.A. Noire, wanda wani kamfani na birnin Sidni a Ostireliya ya yi, Rockstar ya fitar a watan Mayu na 2011. Labarin ɗan sandan ciki ne a birnin Los Anjelis a 1947. Masu wasan sun zaunar da 'yan fim a tsakiyar kyamarori 32 suna ɗaukar kowane motsi na fuska, domin mai bugawa ya kalli wanda yake yi wa tambaya, in ya ga yana rarraba ido ko haɗiyar miyau, ya zaɓi ko gaskiya ce, ko da shakka, ko ƙarya. Irin wannan ne, Malam, ke sa samari su ɗauka sun zama masu karanta fuska. Bayansa an yi Her Story a 2015, inda za ka zauna gaban tsohuwar kwamfutar 'yan sanda kana tono guntayen bidiyo na wata mata da aka yi wa tambayoyi sau 7 game da mijinta da ya ɓace, kana gwada abin da ta faɗa yau da wanda ta faɗa jiya. A 2018 kuma Lucas Pope ya yi Return of the Obra Dinn, labarin jirgin ruwa da ya dawo ba kowa a ciki, sai ka gano makomar mutum 60 ɗaya bayan ɗaya, kuma wasan ba ya gaya maka ka yi daidai sai ka dace da uku a lokaci guda, don kada ka ci da cinta.

Yanzu sai mu zo kan maganar ƙanenka. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, ya kuma ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wajen gane ɓacin ran matarka ko damuwar abokinka wannan magana tana nan daram. Amma wajen gane maƙaryaci a cikin mutanen da ba ka sani ba, masana sun auna abin. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Charles Bond da Bella DePaulo, suka tattara gwaje-gwaje sama da 200 da aka yi a kan mutane fiye da 24,000, inda ake nuna musu masu magana su faɗi wa ke gaskiya wa ke ƙarya. Sakamakon shi ne kashi 54 cikin 100 suke dacewa. Ka ga ke nan, wanda ya rufe ido ya yi canke zai sami kashi 50. Ma'aikatan da ke ganin sun ƙware ma ba su tsere wa sauran jama'a da wani abin kirki ba, sai dai sun fi su yarda da kansu. Dalili kuwa a fili yake. Mai gaskiya in ya ga kaki jikinsa kan ɗauki rawa, bakinsa ya bushe, shi kuwa tsohon ɓarawo ya saba, zai dube ka ido cikin ido yana murmushi. A wasan kwamfuta an umarci ɗan fim ne ya rarraba ido don ka gane, a duniya babu mai yi maka wannan alfarma.

Balle ma a ƙasarmu. Yaron da aka yi wa tarbiyya a Ƙofa ko Kusada, in babba na yi masa magana sunkuyar da kai yake yi. Matar aure ba ta tsayar da ido a kan baƙon namiji. Bafulatani mai kunya ko sunansa ka tambaya sai ya kau da kai. In aka bi ma'aunin ƙanenka, ashe duk masu ladabin gari sun zama maƙaryata.

Kada ka ɗauki wannan ƙaramar magana. Da zarar mai bincike ya ƙudurta a ransa cewa wane ne, to ya daina neman gaskiya, ya koma neman a amsa masa, daga nan sai tsawa, sai hana barci, sai duka. A Jafan, ƙasar da masu gabatar da ƙara ke cin sama da kashi 99 cikin 100 na shari'o'in laifi, an kama wani tsohon ɗan dambe, Iwao Hakamada, a 1966 bisa zargin kashe mutum huɗu. Aka tsare shi ana titsiye shi kusan kwana 20 har ya amsa. A kotu ya janye, ya ce tilasta shi aka yi, amma aka yanke masa hukuncin kisa a 1968. Bai fito ba sai 2014, kuma sai a watan Satumba na 2024 kotu ta wanke shi, ta ce ƙirƙirar hujjojin aka yi. Lokacin yana da shekara 88. A Ingila ma irin wannan ta faru ga wasu mutum 6 da aka ɗaure kan harin bam na Bamingam na 1974, ba a sake su ba sai 1991. Ire-iren wannan abin kunya ne suka sa Ingila ta yi dokar 1984 wadda ta kai ga naɗar tambayoyin 'yan sanda a kaset, sannan daga 1992 aka shiga koya wa jami'ai su bar mutum ya ba da labarinsa tsaf, daga baya a gwada shi da hujja.

Mu ma nan gida doka ta yi magana. Tsarin Mulki na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar, kuma yana da ikon yin shiru har ya ga lauya. Dokar Shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki bayanin wanda ake tuhuma a rubuce, da damar naɗarsa a bidiyo, da kuma halartar lauyansa, jihohi kuma suka bi sahu da nasu dokokin. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya azabtar da mutum. Shari'ar Musulunci kuwa tun tuni ta ɗora wa mai ƙara kawo shaida, wanda ya musa kuma rantsuwa, ta kuma ce ana tunkuɗe haddi da shubuha.

Abin da ya sa muka tsawaita shi ne halin da ake ciki. Matsalar 'yan bindiga ta sa samari da dama sun shiga aikin sa kai, gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ma ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023. Gobe ƙanenka na iya zama cikin masu tsaron gari, a kawo masa baƙo da dare a ce ba a yarda da shi ba. A ranar, abin da ya yarda da shi game da fuska da ido shi zai yanke wa bawan Allah hukunci. Ba mu manta da abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, inda aka tare matafiya, mafarauta 'yan Jihar Kano masu komawa gida salla, aka ga bindigoginsu na farauta aka ce masu satar mutane ne, aka hallaka 16 ba bincike ba tambaya. Zato ne kawai, kuma duk wanda ya ji zafin wannan bai kamata ya yi wa wani irinsa a ƙofar gidansa ba.

Game da tsoronka na ƙarshe, waɗannan wasanni ba dabarun fasa shago suke koyarwa ba, mai bugawa a gefen doka yake tsaye. Amma akwai abin lura. Wasu, irin su L.A. Noire, na manya ne, akwai gawarwaki da jini da maganganun da ba su dace da yara ba, don haka ka duba shekarun da aka rubuta a jikinsu. Ka kuma sa ido kan lokacin salla da karatu da aikin gona, da kuɗin data, ka raba su da na caca waɗanda ke shigowa waya da rigar wasa.

Shawararmu ita ce kada ka ƙwace wayar. Ka zauna kusa da shi wata rana bayan la'asar, duk sa'ad da ya ce wannan ƙarya yake yi, ka tambaye shi mece ce hujjarka? In ya ce idonsa, ka ce ba ta karɓu ba. In ya ce ya faɗi abu kaza ɗazu, yanzu kuma ga takarda ta nuna akasi, ka ce madalla, ka bi sawun Alƙali Iyasu. A aji ma kana iya gwadawa ba tare da waya ba: ka ba ɗalibai labarin ɓatan akuya da bayanin mutum uku, su nemo inda magana ta ci karo, kuma duk wanda ya ambaci suna ba hujja ya fita daga wasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma da haƙuri da tambaya ake kai wa ƙarshensa.

Da fatan mun gamsar da kai, Malam. A gai da ɗalibai da sauran malamai, da dukkan masu sauraronmu na Ƙofa, Kusada da Kankiya. Sauran masu wasiƙu kuma a ƙara haƙuri, layi na zuwa kan kowa. Sai wani makon, in Allah ya kai mu.